Malam Munzali, Sun Ɗauke Jakarka, Sun Dawo Neman Kwamfutarka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 6 ga watan Mayu, 2025, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Malam Munzali Bashir a hanyarsa ta dawowa Gusau daga Tsafe. An ce wata mota ce ta banke babur ɗinsa ta baya, ba ta tsaya ba. Waɗanda suka kai masa ɗauki sun tarar da wayarsa a aljihu, babur ɗin yana yashe a gefen titi. Jakar da yake ratayawa ce kaɗai ba a gani ba. Washegari da safe aka kai shi makwancinsa.

Malam Munzali, ni ce Muzdalifa, wadda kake tsokana da "edita mai gaggawa". Shekaru kana riƙe da sabar 'yar jaridarmu ta intanet, wato babbar kwamfutar da shafinmu yake zaune a cikinta. Masu karanta mu ba su san sunanka ba. Ni na sani, shi ya sa na ce ba zan yi shiru ba.

Kafin zuwanka, duk ranar da labari mai zafi ya fito, shafinmu sai ya ƙame. Manoman Mada da Ruwan Bore suna aiko mana da bayanin hanyar da ta yi kyau da wadda ba ta biyuwa, jama'a su yi caa suna son karantawa, a daidai lokacin kuma shafin zai ƙi buɗewa. Na ɗauka maƙiya ne suke mana ƙafar ungulu. Ka zo, ka zauna a kan bencin ofishinmu, ka daɗe kana duban baƙin allo mai fararen rubutu, sannan ka ɗago.

Ka ce, "Malama, wanga ba aikin maƙiya ba ne. Shafinki da harshen PHP aka rubuta shi. Duk wanda ya buɗe, sai an tashi wani ɗan ma'aikaci cikin na'ura ya haɗa mai shafin. Akwai manhajar da ke shugabantarsu, PHP-FPM sunanta. Wanda ya saita maki ita ya sakar mata linzami, tana ta ɗibar ma'aikata har ƙwaƙwalwar sabar ta cika."

Ba ka yarda da lissafin kowa ba, har wanda ka gani a intanet. Da kanka ka auna abin da kowane ma'aikaci yake ci na ƙwaƙwalwa, ka ware wa ma'ajiyar bayanai rabonta, sannan ka yanke adadin da ba za a wuce ba. Ka sa wa'adi, duk wanda ya maƙale a kan aiki a tsige shi. Ka kuma sa a riƙa sallamar wanda ya daɗe yana aiki a kawo sabo, don kada ya kumbura. Tun daga ranar shafinmu yakan yi nauyi, amma bai ƙara faɗuwa ba.

Ba mu kaɗai kake yi wa hidima ba. A sabar nan akwai shafin wani ƙaramin asibitin haihuwa a Tsafe, da na wata makaranta a Bungudu inda iyaye ke duba sakamakon 'ya'yansu. Ungozomar asibitin ta gaya mini a wurin gaisuwa cewa ba ka taɓa gajiya da kiranta ba, ko da matsalar ba ta wuce ta manta kalmar sirri ba. Ranar da ka rasu ma daga wurinsu kake. Malaman Bungudu kuwa sun ce da ruwan sama ka je ka koya musu ɗora sakamako, ka ƙi zama cin abinci don kada dare ya riske ka a hanya.

Abin da na fi tunawa shi ne yadda ka raba mu. Kowane shafi ka ba shi rukunin ma'aikatansa daban, da izininsa daban, ta yadda na asibiti ba zai leƙa na makaranta ba, babu kuma mai leƙa namu. Na tambaye ka ko wannan wahalar dole ce. Ka ce, "Mutanen da ke aiko maki saƙo da rayukansu suke wasa. In aka san wane ne ya faɗi inda 'yan bindiga suka kwana, ba ni za a je nema ba, shi za a je."

Ga abin da ya hana ni barci. Bayan ƙaramar salla wani mutum ya same ka, ya ce sunansa Mahadi, yana sayar da takin zamani, yana son gurbi a sabarka. Ka ba shi, a rukuninsa shi kaɗai. Ya dawo ya ce shafinsa yana nauyi, a haɗa shi da rukunin jarida tunda shi ya fi ma'aikata. Ka tambaye shi wa ya gaya masa haka, ya kawar da zancen. Ka ƙara masa ma'aikata, ya ce ba shi yake so ba. Ba a jima ba ka kira ni ka nuna mini wani ɗan fayil da aka ɗora a shafin takin, wanda ya yi ta ƙoƙarin buɗe ma'ajiyar saƙonninmu yana tarar da ƙofa a kulle. Ka rufe shafin nasa. Na kira lambarsa, ba ta shiga. Na aika inda ya ce shagonsa yake, aka tarar da mai faci.

Na ce mu kai ƙara. Ka ce mu tattara hujja tukuna, kada mu ɗora wa bawan Allah abin da bai yi ba, watakila shi ma wani ne ya shiga shafinsa. Haka kake. Kana zargin kowane saiti, amma kana jin nauyin zargin mutum.

Ranar addu'ar uku ina cikin gida tare da maiɗakinka Zulai, sai ƙanenka Yusha'u ya yi sallama ya ce wani baƙo a waje yana neman kwamfutarka ta tafi-da-gidanka, wai kayan kamfani ce. Zulai ta dube ni, na dube ta. Ba ka da kamfani, Malam, kai kaɗai ne. Kuma ranar da ka tafi Tsafe ka bar kwamfutar a gida tana caji, wayoyin lantarki da filaya ne kawai a jakarka. Wa ya san ba ta cikin jakar, in ba wanda ya buɗe ta ba? Kafin Yusha'u ya koma ya tambayi sunansa, baƙon ya tafi.

Na san zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Hanyar Tsafe ta ci mutane da yawa ba tare da an shirya musu komai ba, ɓarawon jaka kuma ba ya rasuwa a wurin hatsari. Ban ga fuskar direban ba, ban ga ta baƙon ba, ba zan kama sunan kowa ba. Abin da na sani na faɗa wa hukuma, yanzu kuma na rubuta shi. Ga mai nema, kwamfutar ta bar gidan, an canza duk makullan sabar, a ƙyale Zulai ta yi takabarta. Ga masu aiko mana da saƙo daga ƙauyuka, sunayenku suna nan a rufe yadda ya bar su.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa Inna Adama, da Zulai, da 'ya'yansa Ihsan da Abubakar Sadiƙ, da Yusha'u da sauran dangi. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya marayun nan a kan alheri. Ya Allah ka jiƙan Munzali, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka suturta shi kamar yadda ya suturta bayinka. In ajali ne kawai, mun sallama. In da hannun wani, ya Allah, kai ka ga abin da ya faru a kan hanyar nan.