Na Ɗauke Injina Don Kada In Ga Na Ɗan Baffana

A shekarun baya ni kaɗai ke da injin casar shinkafa a bakin titin Tambuwal. Daga Sanyinna har Dogon Daji wurina mata masu turara shinkafa ke kawo kaya, su zauna jiran in gama shan shayi. Sai ɗan baffana, wanda ni na koya wa ɗaura bel ɗin inji, ya sayi nasa injin ya kafa jikin rumfata. Ya durƙusa ya ce in sa masa albarka, na sa da baki kawai. Wasu suka biyo bayansa, mai walda ya zo, mai kayan inji ya buɗe shago, manyan motoci suka fara tsayawa, domin fatake sun san a nan za su cika mota ba yawo.

Gaskiya aikina ƙaruwa ma ya yi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne tasa shinkafar ta fi tawa fari, kuma da kunnena nake jin mata suna yabonsa. In aiki ya yi masa yawa ya turo mini ragowar, kamar yadda ake yi a layin, sai in ji kamar sadaka ya ba ni. Ranar da ya kafa inji na biyu na ce wa matata Fakku zan koma, inda ba mai haɗa kafaɗa da ni. Ta ce in ji tsoron Allah, yaron nan bai taɓa ɗaga mini murya ba. Na ce ashe ita ma tana cikin masu yabon.

A Fakku na samu kaɗaicin da nake so. Amma in ƙarfe ya karye ba mai walda, ba maƙwabcin da zan ara wurinsa, sai in rufe in hau babur zuwa Tambuwal, in wuce ta gaban rumfarsa fuskata a juye. Falke ba ya shigo da mota don inji guda. Manoman Fakku ma Tambuwal suke kai tasu, a cashe a saye nan take. Ƙarshe na sayar da injin. Har yau in na ji ƙarar injin ɗan baffana hassada kan taso mini, in yi ta istigfari.

'Yan'uwa masu sana'a, wanda ya kafa kusa da ku ba abincinku ya zo ci ba, masu saye yake jawo muku. Ni sai da na rasa injin na gane taron da na tsana shi ke ciyar da ni.