Zumar Kawu da Akwatunana Biyu

Shekarar da aka mayar da ni koyarwa a Sule Tankarkar na fara kiwon zuma. Ilimin noma nake koyarwa a sakandare, kuma duk Asabar nakan hau babur in je ƙauyen mahaifiyata da ke bayan Ɗanzomo in gaida kawuna, ƙanenta. Tun tasowata da amya na san shi. Yakan saƙa ta da gamba, ya shafe da kashin shanu, ya turara ta da wasu saiwoyi, sannan ya ɗaure a reshen gawo ko tsamiya. Daga nan sai lokacin ɗiba.

Abin da ya hana ni sha'awar zumarsa shi ne faɗa. Asalinta daga kogon wata tsohuwar kuka ne a gefen gonarsa, wanda ba a taɓa ɗiba a ciki ba. In ta yi yawa sai ta rabu, wasu su tashi neman masauki su faɗa amyoyinsa. Ta taɓa harbina a fatar ido, na kwana uku ina shiga aji da ido ɗaya.

Akwai wani abokin aikina, malamin lissafi, mutumin kudancin Kaduna. Da ya ga idona ya yi dariya, ya ce mahaifinsa a akwati yake kiwon tasa, kuma mai sanyin hali ce, ana buɗewa da ɗan hayaƙi kaɗan. Na roƙe shi. Da ya dawo daga hutun Kirsimeti sai ga shi da akwatuna biyu, an toshe bakinsu da raga, zuma na ta guna a ciki.

Na kai su gonar Kawu, muka ajiye ƙarƙashin darbejiya. Ya zagaya su, ya ƙwanƙwasa katakon, ya tambaye ni wata nawa ake ruwa a garin da suka fito. Na ce kamar shida ko bakwai. Ya gyaɗa kai kawai, ya taya ni kafa musu gado, muka tsoma ƙafafun a gwangwanin baƙin mai saboda tururuwa.

Da farko komai lafiya. Gawo na fure, suna fita suna dawowa da kaya, ni kuma ina buɗewa ba ko safar hannu. Har ɗalibai na kawo suka gani.

Bazara ce ta tona mu. Fure ya ɗauke, zafi ya sauko, saƙar ta yi fayau. Na fara dama sukari da ruwa ina zuba musu duk mako. Wata Asabar na buɗe akwati ɗaya na tarar tsutsa ta cinye rabin saƙar, ta bar zare kamar na gizo-gizo. Na kankare, na ƙona wadda ta lalace. Mako biyu bayan haka tsutsar ta dawo. Na kuma lura zumar Kawu na shiga tana kwashe sukarin, tawa ba ta ko tare ƙofa. Raina ya ɓaci, na ce masa tasa ce ke kashe mini tawa. Bai yi musu ba. Ya hau ya sauke amya biyu da suka fi kusa, ya mayar da su can ƙarshen gona. Hakan bai hana komai ba. Kafin ruwan fari akwati ɗaya ya mutu, na ɗayan kuma suka gudu.

Ranar da nake wanke akwatunan yana zaune yana gyaran igiya, na tambaye shi ko bai taɓa ba tasa sukari ba.

"Malam," ya ce, haka yake kirana tun da na fara koyarwa, "wadda sai da sukari take kaiwa damina, 'ya'yanta ma sai da sukari. Ni kuwa ba ni da shi."

Ya ce duk shekara yakan sauke wasu amyoyin ba kowa a ciki, kuma ba ya damuwa. Waɗanda suka iya zafin nan da tsutsar nan su ke saura, su ke haihuwa, su ke sake cika waɗanda suka zama kango. Nasa dai in ya zo ɗiba ba ya taɓa saƙar da ke da 'ya'ya, kuma yakan bar musu abin ci. Abin da ya faɗa kuwa yana cikin littafin da nake koyarwa, har jarrabawa na sha yi wa yara a kai.

Na ce to me ya sa yake ajiye musu kaskon ruwa, kuma duk kaka yake bin maƙwabta yana roƙo su bar feshin wake sai yamma, bayan zuma ta koma gida? Ya ce ruwa dā akwai shi a tafki, mutane ne suka nome wurin. Maganin feshi kuwa ba ya zaɓe, da mai ƙarfi da marar ƙarfi duk kwashewa yake.

Shi ya turara mini akwatunan da hannunsa. Riɗi na fara fure zuma irin tasa ta shiga ɗaya, bayan sati uku ta shiga ɗayan. Da na leƙa na ga ta liƙe duk wata kafa da danƙo, ta rage ƙofar sai kamar yatsa biyu. Na tsaya ina kallo wasu uku suka jawo tsutsa suka jefar waje. Faɗa dai yana nan, dole na je Gumel wani tela ya ɗinka mini riga mai kauri da hular gidan sauro. Sukari ban ƙara saya musu ba, suka kuma ƙetare bazara. Zumar farko da na tace baƙa ce, mai kauri. Na kai wa abokin aikina kwalba guda, ya ce zai aika wa mahaifinsa rabi.

Bara gwiwa ta fara damun Kawu, hawan gawo ya gagare shi. Ranar kasuwar Maigatari ya ce in ɗauke shi a babur, ya sa na kwatanta wa wani kafinta girman akwatin da kara. Huɗu ya ce a yi masa, kuma a rage faɗin ƙofar.