Ranar Kashe Allo

Baƙin Tafi ake ce masa a layin, kuma ba zagi ba ne. Tun yana saurayi yake goge tawada daga allon jan ƙarfe da tafin hannunsa, har baƙin ya zauna, sabulu ya haƙura. Aikinsa ke nan: ya sassaƙa zane a jikin allo da ɗan ƙarfe mai kaifin baki, ya cusa tawada cikin tsagun, ya goge saman tas, ya ɗora takarda mai danshi, ya rufe da bargo, sannan a juya inji ya matse su. In aka ɗaga takardar, zanen ya koma kanta. Yanzu da kafaɗa ta fara ciwo, autarsa ce ke juya injin, shi kuwa yana tsaye a kanta yana mita.

Mutum ne mai taurin kai a kan ƙa'ida, kuma babbar ƙa'idarsa ita ce kashe allo. In an buga adadin da aka yi wa masu saye alkawari, sai a ja wa allon layi mai zurfi daga kusurwa zuwa kusurwa, ta tsakiyar zanen, don kada a sake bugawa a bayan idonsu. Sannan a buga shi sau ɗaya da layin, a miƙa wa mai sayar da zanen shaida. Ya taɓa daina gaisawa da wani abokin sana'arsa don kawai ya ɗan karce gefe ya ce ya kashe. Duk wanda ya koyi aiki a hannunsa ya sha wannan labarin har ya gundure shi.

To, yau ƙa'idar ta zo kansa. Allon da ke kan teburi fuskar matarsa ce, tana ɗinki a bakin taga. Da ranta ya sassaƙa shi, tana tsokanarsa wai ya ƙara mata hanci. Kafin a gama bugawa ta rasu. Matar da ke sayar masa da zane a shagonta ta sayar da waɗanda aka buga kaf. Wanda ya ware wa kansa kuwa, yayar marigayiyar ta gani ta fashe da kuka, ya naɗe ya ba ta, yana ganin ai allon na nan.

Da hantsi mai shagon ta iso don a kashe allon a gabanta. Ya gaishe ta a gajarce, ya zauna yana wasa ƙarfensa a kan dutse. Ƙarfen ya yi kaifi tuntuni, kowa a ɗakin ya san haka, amma bai daina ba. Da mai shagon ta ga haka, sai ta ce in ya ja layin a gefe ma ya wadatar, ita ba ta da ta cewa. Kallon da ya yi mata ya sa ta tuna tana da waya da za ta yi, ta fita.

Auta ta matso, murya ƙasa ƙasa.

“Baba, takarda na nan a jiƙe. Ɗaya kawai mu buga, kafin ta dawo.”

“An yi wa mutane alkawari.”

“Mama ce fa, Baba.”

Ya dubi allon. Yana so, so mai tsanani, har hannunsa ya kai kan gwangwanin tawada ya buɗe murfin. Muryar mai shagon na shigowa ta taga, tana jan hirar da gangan. Babu wanda zai sani, ita ma da ke waje ba ta son ta sani. Wannan ne ya fi ɓata masa rai, wai an buɗe masa ƙofa ana jira ya wuce. Ya mayar da murfin, ya ce Auta ta kira matar.

Ya danne allon da hannun hagu, ya kafa ƙarfen a kusurwa, ya tura. Siririn zaren jan ƙarfe yana naɗewa a gabansa, ya bi ta kan tagar da ke cikin zanen, ya zo kuncin matarsa. Nan hannun ya tsaya. Auta ta juya baya. Ya ja numfashi ya ƙarasa.

Shi da kansa ya shafa tawada, ya goge da tafinsa a hankali, ya kuma juya injin duk da kafaɗar. Da ya ɗaga takardar, ga matarsa nan tana ɗinkinta, baƙin layi ya raba fuskar biyu. Mai shagon ta miƙo hannu za ta karɓi shaidarta kamar kullum. Bai saki ba. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa sassauci ba ya tsaya riƙe da gefen takarda, idonsa a ƙasa.

“Wannan ɗin,” ya ce, “don Allah ki bar min.”