Kawu Mai Faci da Bishiyar Cakulan

Kawuna mai faci ne, kuma duk abin da ya sani a duniya da babban yatsansa ya san shi. In ka kawo masa taya zai latsa: in da tauri, lafiya lau, in da laushi, ta sace. Haka yake latsa katifa, haka yake latsa burodi, ko kumatun jikokinsa bai ƙyale ba. Ina ƙaunarsa ƙwarai, amma kansa ya fi tayar tirela tauri.

Wani direban babbar mota ne ya ba shi dashen wata bishiya a cikin gwangwanin fenti. Ya ce sunanta baƙar sapote, dangin kanya ce, 'ya'yanta kuwa cakulan ne zalla. Iyakar bayanin ke nan, direba ya ja motarsa, ba a sake ganinsa ba.

Kawu ya haƙa rami a tsakar gida, inda rana ke wuni, wato daidai inda matarsa, Inna, take shanya. Ya zuba taki, ya kewaye dashen da tsofaffin tayoyi saboda awaki. Da rani yana ba ta ruwa da bahon da yake gwada tayoyi. In sanyi ya shigo ya yafa mata bargonsa, shi ya zauna yana rawar ɗari. Shekaru suka yi ta tafiya, bishiya sai ganye, Inna sai magana.

"Malam, yaushe za mu sha cakulan ɗin? Ko sai jikokinmu sun yi furfura?"

Da bishiyar ta tashi haihuwa sai ta zubo 'ya'ya koraye, kamar manyan tumatir ɗanyu. Kawu ya cika kwando, ya tara mu, ya latsa ya zaɓi wadda ta fi tauri, ya gantsara. Bakinsa ya tsuke, hawaye suka zubo.

"Da daɗi," in ji shi.

Ni ma na ɗanɗana don kara, na wuni harshena bai dawo daidai ba.

Waɗanda suka kwana biyu a kwando kuwa sai su yi duhu, su yi luguf. In ya latsa, yatsa ya nutse, wani baƙin abu kamar giris ya ɓullo. "Wannan ta sace," sai ya wurga ta bayan katanga, gidan maƙwabcinsa Tela. Haka ya riƙa yi duk shekara: ya ci masu tauri yana yamutsa fuska, ya jefar da masu laushi.

Tela mutum ne siriri, amma sai ga shi ya fara ajiye kumatu. Kullum yana leƙowa ta katanga.

"Maƙwabci, a ƙara mata ruwa, na ga ganyen ya yi yaushi."

Kawu ya ce a duk unguwar ba shi da masoyi kamar Tela.

Inna dai ta gaji. Ta ce bana ko cakulan ko gatari, tana son wurin shanyarta. Lokacin 'ya'ya ya zo, ba abin da ya canja. Kawu ya aro gatari, ya tsaya gaban bishiyar, idonsa jawur. Wallahi ya ba ni tausayi, don na san ya fi son ya sare rumfar facinsa.

Ya ɗaga gatari ke nan, sai Tela ya diro ta katanga, cokali a hannu, leɓe baƙi ƙirin.

"Kar ka sare! Don girman Allah kar ka sare!"

"Tela, me ya sami bakinka? Giris ka sha?"

Tela ya ɗauko mai laushi daga kwando, ya ɓara, ya kamfato da cokali ya cusa wa Kawu a baki. Kawu ya lumshe ido, ya haɗiye, ya lashe cokalin gaba da baya.

"Tun yaushe?"

"Tun ta farko, maƙwabci."

Kawu ya caƙumi wuyan rigarsa. "Ni ina nan ina cin azaba, kai kana can kana kumatu! Har da ba ni shawarar ruwa!"

"Ba ni kaɗai ba ne," in ji Tela. "Tsohuwata ce. Ba ta da haƙori ko ɗaya, shi kaɗai take ci da marmari. Ita a zatonta aiko mata kake yi. Kullum sai ta sa maka albarka."

Kawu ya saki rigar, har ya gyara masa wuyan. Ya dubi Inna, amma ita ta riga ta ƙwace cokalin, tana kan ta biyu, ta manta da zancen shanya.

Bishiyar tana nan, ta fi katangar tsawo. Har yau in Kawu ya latsa ya ji laushi, hannunsa yakan nufi katanga da kansa, sai Inna ta daka masa tsawa. Sai ya zuba su a kwano, ya rufe, ya zagaya ta ƙofa ya kai wa tsohuwar, ya durƙusa ya karɓi albarkarsa da kunnensa.