Alƙalin Waƙa a Rumfar Tela

Tun da wuri bari in sauƙaƙa wa mai karatu: in yana neman wawan labarin nan, kada ya wahala, ni ne.

A Isa na yi ƙuruciyata, can kuma na koyi haɗa baiti da ɗan bokona na aji huɗu. Mu shida ne muke zama a rumfar taubashina, wani tela mai bakin tsiya, kowace Juma'a bayan la'asar. Dokarmu guda ce, kuma ni na kafa ta: a karanta waƙa ba a faɗi mai ita ba, sai an gama yi mata wankin babban bargo. Daga baya fatauci ya ja ni Sabon Birni, ina kai kaya Nijar ina dawowa, har gemu ya yi fari ban sake zama a rumfar ba.

Bara wani direba ya ce mini zaman yana nan, har matasa sun cika shi, amma da ya ambace ni sai suka ce wane ne. Abin ya tsaya mini a rai kwana uku. Na ce wa mai ɗakina, "Za ni Isa in tuna musu wanda ya haƙa rijiyar da suke sha." Ta ce in dai tuna da maganin ƙafata.

Na iske rumfar ta ƙara faɗi, keken ɗinki ya koma mai lantarki. Cikin mu shida saura taubashin nawa kaɗai, sai sababbin fuskoki, kowa da waya a hannu.

"Kai, wanga tsoho bai mutu ba?" in ji shi. "Mi ka kawo muna, dabino ko surutu?"

"Ilimi na kawo, taubashi. Na ji an ce ya yi ƙaranci nan."

Aka ba ni kujera mai hannu. Sai wata malamar firamare daga Turba, wadda ita ke jan zaman yanzu, ta russuna ta ce, "Baba, tunda kai ne babba, ga waƙa za mu karanta, ka yi muna alƙalanci."

Na gyara hula. Abin da ya kawo ni ke nan.

Waƙar damina ce, a kan gonakin Tozai, baiti wajen arba'in. Ban ko bari ta dire ba na ɗaga sanda. Na ce mai waƙar nan ya cika son jin muryarsa, abin da baiti biyar zai ɗauka ya shimfiɗa shi kamar shanya. Na ce amsa-amonsa yana ɗingishi. Matasa suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa, ni kuwa na ɗauka tsorona ne ya kama su, sai na ƙara wuta.

"Babban abin kunyar," na ce, "ya girbe dawa kafin gero! A ƙasar Gobir! Ko akuya ta san gero ke riga nuna. Wanga mutum bai taɓa riƙa kalme ya yi noma ba. A kawo mini shi in ga idonsa."

Taubashina ya tashi a hankali, ya buɗe akwatin da yake ajiye zare, ya fiddo wani littafin rubutu da bangonsa ya cinye, ya ɗora mini a cinya. Rubutun hannuna ne. Har da ɗan zanen tsuntsun da nakan yi a gefen shafi.

"Baba," in ji malamar, tana danne dariya da bakin mayafi, "don girmama ka munka zaɓo ta. Mun zaci daga baitin farko za ka gane."

Rumfa ta kece. Wani har ya saki wayarsa a ƙasa. Na yi gyaran murya, na ce ai da gangan na yi, gwada su nake in ga ko akwai mai ƙarfin zuciyar da zai kare waƙa mai kyau. Na kuma fara bayani cewa mawaƙi yana da ikon juya damina yadda ya so.

Taubashina ya zauna, ya zura zare a allura bai ko dube ni ba.

"Haka ka ce wancan karon da munka yi maka gyaran dawa da geron nan, kuma ka yi wata guda ba ka gaishe mu. Yau da bakinka ka sa akuya gaba da kai, mu kuwa ba mu musu da babba."