Mai Sayen Farin Katako

"Farin katako na ce!"

Ta bangon shagonta a Kakuri Celina ke jin tsawar, sai ta leƙa rumfar Boniface mai katako, ta ga wani baƙo tsaye. Babbar rigar baƙon sabuwa ce fil, amma tsayuwarsa ta bariki. Tun da soja suka bar mulki irinsu suka cika gari. Bencin lambu yake so, kuma da ƙafa yake zungurar itacen.

"Oga, ɗauki maɗaci," in ji Boniface. "Wannan, damina ɗaya gara za ta cinye, a ce na cuce ka."

Celina ta harari baƙon. Wannan bai saba a gyara masa magana ba.

A bakin ƙofa baƙon ya juyo. "Loda min. Ko gara ta san gidan da take shiga."