Abin da ya riƙe ni a wayar shanya

'Yan uwa, ku taya ni godiya!

Da hantsi na wanke zannuwan goyo, ɗiyata na bayana. Ina ɗora jiƙaƙƙen zane bisa wayar shanya, sai wani abu ya riƙe mini hannu! Ba kowa tsakar gida. Ya girgiza ni har haƙora, kana ya saki.

Uwar mijina ta leƙo, ta ce, "Yi shiru, kar ki ambace su. Masu gidan ne, a kira 'yan bori."

Maigida ya ce a'a. Ƙanensa ya ja mana kuran, wato wutar lantarki, bara, shi ko bai koya ba. Yau mai gyaran wuta mai takardar shaida ya kira. Mutumin na taɓa wayar da ɗan abin awonsa, ya haska ja! Ashe wayar kuran ta feɗe tana gugar rufin kwano, inda munka ɗaure ta shanya.

Ya ce, "Uwargida, da takalmi kike?"

Na dubi ƙafata. Silifas ɗin roba na maigida na zura saboda kashin kaji. Kullum ba takalmi nike shanya.

Ya ce, "To su sunka sa kuran ya sake ku, ke da ɗiyar."